Malamin da Ban Ɗauka Ba

Litinin, 2 ga Satumba, 2024
Mutum huɗu suka zo neman aikin koyarwa a 'yar makarantata ta Azuba. Malam Bahauddeen ya fi su duka. Takardu cif, magana a natse. Na ce gobe ya zo gwaji.

Talata, 3 ga Satumba
Yara sun so shi. Har 'yata Mutmainna, da ba ta sakin jiki da baƙo, ta riƙe masa hannu. Ya ce zai riƙa zama da yaran da iyayensu ke makara, in huta. Allah Ya yafe mini, daɗi na ji.

Laraba, 4 ga Satumba
Na kira makarantar da ya baro a Obi, don cika ƙa'ida kawai. Shugabar, Madam Ngunan, ta ce ya iya koyarwa. Na tambayi dalilin barinsa. Ta kauce wa tambayar. Wai za ta neme ni.

Alhamis, 5 ga Satumba
Ta kira da wata lamba, murya ƙasa-ƙasa. "Hajiya, kar ki bar shi shi kaɗai da yarinya, ko minti ɗaya." 'Yar shekara bakwai ya lalata. Iyayen suka roƙa a rufe maganar, aka sallame shi da takardar yabo. Ita ta sa hannu.

Ranar Talata minti nawa na yi a ofis? Goma? Ashirin? Ƙofar ajin a buɗe take? Na kasa tunawa.

Na tambayi Mutmainna cikin wasa. Ta ce waƙa ya koya musu. Na yi ta maimaita tambayar har ta fashe da kuka.

Jumma'a, 6 ga Satumba
Na ce masa an ɗauki wani. Ya yi murmushi, ya ce in gaida Mutmainna. Ya riƙe sunanta.

Talata, 17 ga Satumba
Na gan shi yana shiga wata firamare a hanyar Adogi, da fayil a hannu. Da na ce zan je in gargaɗe su, maigida ya ce ba ni da hujja, kuma mutumin ya san inda muke. Gaskiya ya faɗa.

Laraba, 18 ga Satumba
Doya na fita saya. Na dai tsinci kaina a ofishin shugabar firamaren nan, Madam Francisca. Na faɗa mata komai. Ta ce in ya tambaya wa ya faɗa fa? Na rubuta mata cikakken sunana.

Tsoron bai tafi ba. Ban gaya wa maigida ba tukuna.