Ɗingishin Akawal

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Ni ina nan ƙasar Turawa, lafiya lau, sai sanyi da gajiya.

Kin rasu ba ki gane aikina ba, ban kuma ga laifinki ba. Ɗan malamai, wai ya haye teku koyon rubuta kiɗa a takarda! Nan kuwa haka suke yi: mutum ɗaya ya zauna ya tsara, taron makaɗa su karanta su kaɗa, wani mai sanda yana gabansu yana yi musu jagora. Wani ya ce lissafi ne ya ba shi kiɗansa, wani kukan tsuntsaye, wani yaƙin da ya cinye garinsu. Da aka tambaye ni, na rasa abin faɗa sai injin matse rake na Baffa a fadamar Dandamisa.

Kin tuna shi? Tsohon dokinmu Akawal yana zagayawa, ƙarfe na kuka, ruwan rake na tsiyaya, ƙanshin mazarƙwaila har cikin gida. Ƙafarsa ta baya ba lafiya, kowane zagaye sai ya ɗan tsaya, komai ya yi tsit, sannan ya ja. In Baffa ya ɗaga bulala, sai mu jiyo ki ta bayan danga: "Malam, bar shi ya numfasa, shi ma rai gare shi."

Shi na rubuta, Inna. Manyan gogensu suna kukan ƙarfen, sarewa tana tsiyaya, kuma kowane zagaye na bar wurin tsayawar nan, shiru.

An zaɓi kiɗan za a kaɗa a taron murnar 'yancin kanmu, karo na farko da kunne zai ji abin da na tsara. Sai mai sandar ya kira ni. Ya ce kiɗan ya yi kyau, amma shirun nan zai sa jama'a su zaci makaɗa sun ɓata. A cike shi da ganga, tunda daga Afirka na fito, mutane ganga za su zo ji. Manyanmu da ke ofis a nan ma suka goyi bayansa, wai sabuwar ƙasa ba ta ɗingishi.

Ba mugun mutum ba ne, kar in zalunce shi. Ya san jama'arsa, wataƙila ma gaskiyarsa ce. Abin da ya ci mini rai, a gida ana ce mini maroƙi, a nan ana so in zama maroƙin, ba wanda ya tambaye ni me shirun yake nufi.

Na kwana biyu ina juya maganar. Na ɗauki alƙalami zan sa gangar, sai na ga bulala ce a hannuna.

Na ce musu a'a. Sun cire shi, an sa na wani. Bana ba wanda zai ji shi, baɗi ma Allah masani. Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba, na so ko sau ɗaya in ji Dandamisa a bakin gogen nan.

Allah ya jiƙan ki, Innata, ya haskaka kabarinki, ya ba ki hutun da kika roƙar wa dabba. Akawal yana nan a takarda yana numfasawa, ban bari an taɓa shi ba.

Ɗanki na nesa,
Autanki