Yayen Rhona a Dufftown

Arbroath, 14 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Elspeth,

Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki Hector, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Fergus da yara da jikoki. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, ya sa aikin da likita ya yi ya zama ƙarshen wahalarta. Mu nan lafiya lau muke. Sanyi ya fara shigowa, ku kuwa na san yanzu ne Dunedin, can kudancin duniya, ke fara ɗumi. Inna Ishbel ta cika tamanin da tara ranar Laraba, har yanzu da ƙafarta take zuwa kanti, kuma har yanzu tana rigima da mai kifi wai yana ba ta wutsiya yana ɓoye tsoka. Ni ma garau nake. Ina aikin kafinta a wurin gyaran jiragen ruwa kwana huɗu a mako, hawan jinin ya sauka, likita har yaba mini ta yi.

Na zaɓi in rubuto miki ne maimakon in buga waya, domin a waya ba kya barin mutum ya kai ƙarshen zancensa. Kin tuna na gaya miki 'yata Rhona ta aiko mini da kati mai layi biyu: ta gama shekara huɗu tana koyon haɗa gangar wiski a Dufftown, ranar Asabar za a yaye ta, in ina so in zo. Kika ce kada in kuskura. Kika ce mutumin da giya ta raba da matarsa da 'yarsa ba shi da abin yi a garin da ko iskarsa wiski ce, kada in je in zubar da shekara bakwai da na yi ban sha ba a kwana biyu. Ban ji haushinki ba, Yaya, ke kika sha tsinto ni a bakin titi kafin ki bar ƙasar nan. Amma yarinyar da rabona da zama da ita tun tana shekara sha huɗu, in ban da gaisuwar nesa a jana'izar Mama, ita ce da kanta ta kira ni. Don haka na je. Ga ni na dawo, kuma ban sha ko ɗigo ba. Sai dai ki karanta har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci, don akwai saƙonki a ciki.

Na tashi ranar Juma'a bayan abincin rana, da kyafaffen kifi huɗu a kujerar baya na tsaraba. Tun kafin in hango agogon tsakiyar gari ƙanshin ya shigo motar, irin na dafaffen sha'ir, kamar burodi ya fito daga wuta. Ba zan yi miki ƙarya ba, yawuna ya tsinke. Na rufe gilashi, na kunna rediyo da ƙarfi, na ci gaba. A masaukin da na kama, wata dattijuwa Misis Cruickshank ce mai gidan, ta kai ni ɗaki ta tafi. Ina juyawa sai ga 'yar ƙaramar kwalba a kan teburin gefen gado, da takarda an rubuta barka da zuwa. Ban tsaya tunani ba. Na ɗauke ta da yatsa biyu kamar mushen ɓera, na sauko da ita har kicin. Matar ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaye ni ko dai fasto ne ni, ko kuwa na riga na sha rabona. Na ce na sha nawa, na haɗa da na maƙwabta. Ta yi dariya har da riƙe ƙugu, ta jefa kwalbar cikin aljihu, ta dafa mini shayi. Ashe marigayi mijinta ma haka ya yi fama, kuma shekara talatin da takwas yana aiki a ɗaya daga gidajen dafa wiskin garin, sha biyu na ƙarshe bai ɗanɗana ba. Da safe sauran baƙi an tsiyaya musu ɗan abin a kunu, nawa kuwa madara ce mai kauri da gishiri.

Ƙarfe goma na isa rumfar masu haɗa ganga. Ƙarar guduma kawai kike ji, ga hayaƙi, ga tururi, mutum ba ya jin maganar na kusa da shi. Sai da na duba sau biyu kafin na gane ta. Yaya, haɓar Mama ce sak a fuskarta, amma damatsan nan ban san inda ta samo su ba. Ta ɗago kai ta gan ni, ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta koma kan aikinta. A gefe ga uwarta Sheena tsaye da mijinta Gregor, wanda ya riƙe yarinyar tun bayan rabuwarmu. Sheena ta gaishe ni da baki kawai. Gregor kuwa ya tako ya ba ni hannu, ya matsa mini wuri kusa da shi. Na daɗe ina neman aibin mutumin nan, har yau ban samu ba, abin yana ba ni haushi.

Aikinta na ƙarshe a matsayin 'yar koyo shi ne ta haɗa ganga ita kaɗai a gaban kowa. Ta jera katakan cikin zoben ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ta hura wuta a cikinsu har suka yi laushi suka lanƙwasa, sannan ta riƙa zagaya gangar tana dukan zobban, ƙafa da hannu suna tafiya tare kamar mai rawa. Babu ƙusa, babu gam. Da aka ɗura ruwa, malaminta na sana'a, wani tsoho Innes Shand, ya durƙusa ya shafa kowane haɗi da tafin hannu, ya ɗaga hannun sama kowa ya gani a bushe. Nan take, bisa al'adarsu ta yaye, abokan aikinta suka ɗauke ta cak suka zura ta cikin gangar, suka juye mata kunkunniya da baƙin maɗi da garin katako da gashin kaza, suka kwantar da gangar suka gangara da ita daga wannan bango zuwa wancan, tana ciki tana zaginsu ɗaya ɗaya da suna, har da wanda ta ce bai taɓa haɗa gangar da ko kaza za ta yarda ta kwana a ciki ba. Rabon da in yi dariya irin wannan har na manta.

Daga nan ne abin da kike tsoro ya zo. Aka fito da tire cike da ƙananan kofuna, aka bi kowa. Innes ya buga guduma a kan ganga, ya ce al'adar gidan ita ce uban yarinya ya yi magana kafin a sha, ina uban yake. Idanu suka dawo kanmu ni da Gregor, don mu biyu ne tsaye kafaɗa da kafaɗa. Gregor ya ja da baya, ya dafa bayana ya turo ni gaba. Kafin in ankara kofi yana hannuna. Hannun bai manta da nauyinsa ba, hancina ma bai manta ba. Wani abu a raina ya ce ai kurɓa ɗaya ce, ta murna, ko taɓa leɓe kawai ka yi kada ka kunyata yarinya a gaban mutum arba'in. Na ga Sheena ta sunkuyar da kai. Na ga Rhona tsaye a cikin gangar, baƙa ƙirin tun daga gashi har ƙugu, idanu biyu kawai ake gani, kuma a kaina suke.

Na ce: "Jama'a, ni mashayi ne, shekarata bakwai da dainawa, don haka ba zan sha wannan ba. Ba laifin abinku ba ne, laifina ne. Amma ni kafinta ne, shekara arba'in ina taɓa katako, kuma ban taɓa ganin haɗi mai tsafta kamar na yarinyar nan ba. Wanda ya rene ta ga shi nan a bayana, shi ya cancanci kofin nan."

Na juya na miƙa wa Gregor. Ya karɓa, fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Sai wani tsohon ma'aikaci mai guntun yatsa ya ce to madalla, yau dai an samu baƙon da bai zo ya shanye musu kaya ba, a riƙa gayyato shi kowace shekara. Aka fashe da dariya, aka sha, aka yi tafi. Innes da kansa ya kawo mini shayi a kofinsa na aiki, wanda ina jin tun da aka saye shi bai ga sabulu ba. Na shanye tas. Raina a kwance yake, irin kwanciyar da ban taɓa samu a cikin kwalba ba.

Ranar Lahadi da hantsi ta zo masaukina, ta ce mu taka zuwa bakin rafi. Har lokacin akwai baƙi a cikin kunnuwanta, ta ce wanka uku ta yi. Da muka yi nisa sai ta gaya mini cewa da gangan ta ƙi sanar da Innes halina, tana so ta ga abin da zan yi in kofi ya shiga hannuna. Ta ce da na sha, da ba za ta yi faɗa ba, za ta yi mini sallama ne kawai, ta ƙarshe. Na ji zafin maganar, amma na ce tana da gaskiyar gwada ni. Sai ta tambaye ni ko na tuna ranar da na kai ta wurin koyon iyo tana shekara goma, na ce zan dawo ƙarfe huɗu. Ta ce ta tsaya a ƙofa cikin ruwan sama har aka rufe wurin, ta ƙi bin uwar ƙawarta da ta ce za ta kai ta gida, don kada in zo in tarar ba ta nan. Ƙarfe takwas Sheena ta same ta. Yaya, na laluba kaina kaf ban sami ranar nan ba. Babu ita. Na so in ce na tuna don ta ji sanyi, amma na gaya mata gaskiya, na ce ban tuna ba, kuma wannan ya fi komai muni, ta yafe mini in za ta iya. Ba ta ce ta yafe ba. Ta ce aƙalla yau ban ƙirƙiro wani uzuri ba, kuma wannan sabon abu ne a wurinta.

A hanyar dawowa ta faɗa mini labarin da ya sa nake rubuto miki. Za ta yi aure a watan Mayu. Sunan yaron Struan, likitan dabbobi ne, na gan shi ranar Asabar ban san shi ba ne, wani dogo mai kunya da ya riƙe mata tawul. Ta ce Gregor ne zai raka ta gaban fasto, kuma ba ta son gardama a kan haka. Na ce babu gardama, ko ni aka tambaya shi zan zaɓa. Ni wurin zamana layi na biyu ne a kujerun coci, kuma wallahi na fi murna da layin nan fiye da duk wani abu da na samu a shekarun nan. Ta ce tana son Goggonta Elspeth ta zauna kusa da ni, kuma ni ne zan gayyace ki, ba ita ba, don ta san ni da ke ma akwai sauran gyara a tsakaninmu. To ga shi na gayyace ki. Kada ki kawo mini zancen gwiwa, kafin Mayu ta warke. Ɗakin baya yana nan, zan yi masa fenti, Fergus kuma ya zo da rigar sanyi don na san ya manta yadda Mayunmu yake.

Da za mu rabu na ba ta kifin, ta sunsuna ta ce motata za ta yi wata tana warinsa. Ta riga ta juya, sai ta dawo ta leƙo ta tagar motar, ta ce ƙofar bayan gidan da suka kama ta kumbura ba ta rufuwa, ita kuma ganga ta iya, ba ƙofa ba, Struan kuwa in ya riƙe guduma shanu ma dariya suke yi masa. Ta ce: "Ka zo da kayan aikinka Asabar ta sama. Ƙarfe goma. Goma na ce, ba sha ɗaya ba." Na ce to.

Ki gaishe mini da Fergus da kyau, da Catriona da mijinta, da Lorne, da 'yan jikokin nan biyu da har yanzu a hoto kawai na san su. Inna Ishbel tana gaishe ki, ta ce in gaya miki ita ta riga ta fara neman hular biki, in kin ga dama ki bari 'yar tamanin da tara ta riga ki shiri. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Zan tsaya nan, akwai zarto da sauran ƙarafa da zan wasa. Tafiyar awa biyu da rabi ce, na yanke zan tashi ƙarfe shida. Gara ta leƙo ta taga ta gan ni zaune a mota ina jira.

Ƙaninki,
Hector