Alƙalin Jega Ya Ce Ba Huruminsa

Zuwa ga ƙanena Shehu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya zaman Fatakwal? Da fatan ciwon bayan nan ya sake ka.

Ina sanar da kai a hukumance cewa babbar rigata ta fito daga akwati ba Sallah ba, ba biki ba. Kotu ta je.

Tsohon mijin ƙanwarmu Hajara ya kai ƙara gaban alƙalin Jega, wai a ba shi yaransu biyu. Da sammaci ya iso nan gida Jiga Birni, inda Hajara take zaune, Inna ta ce, "Wanga alƙali ba namu na ba. Mai biɗar ɗiya shi taho inda suke." Na ce, "Inna, ki tsaya ga albasarki. A Jega aka ɗaura auren, can za a yi komai." Kwana uku ina shirya jawabi.

Alƙali bai bari na buɗe baki ba. Ya tambayi Hajara inda take zaune, ta faɗa. Sai ya ce ba huruminsa ba ne, mai ƙara ke bin wanda yake ƙara, Jiga Birni kuwa ƙasar Aliero ce.

Yaran suna hannun uwarsu. Ko da ya sake kai ƙara Aliero, a can kowa ya san wa ya yi jinyarsu lokacin ƙyanda, don haka hankalina kwance yake.

A taya mu da addu'a. Ka gaida Rabi da yara.

Inna ta ce lallai in rubuta maka cewa ni na yi kuskure. To, na yi.

Yayanka,
Bello