Ɗakin da Kuka Cika da Kujerun Haya

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Ɗakin Taro na unguwarmu, Maamobi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa gare ka da dattawan kwamiti, ni ce Rakiya, mai sayar da gari a Kasuwar Malam Atta. Sau uku ina zuwa gidanka ana cewa ka fita, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. 'Yata Safiya shekararta tara. Ba ta kallon idon mutum, in ta ji ƙahon trotro, motar hayar nan, sai ta toshe kunne ta durƙushe. Likita ya ce sunan abin otizim, ba aljani ba ne. Anti Hawa, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, ta tara yara shida masu wannan lalura, har da Safiya, duk Asabar da safe, a ɗakinku na baya. Ta koya musu sallama, da jira har a zo kansu, da gara wa juna ƙwallo. A nan Safiya ta fara kiran sunan wani mutum a duniya: Musa, ɗaya daga cikin yaran, ɗan Adiza mai sayar da kenke, tuwon masarar nan.

Na biyu. Da farkon damina kuka sa wa ɗakin kwaɗo. Sakatarenka ya ce mana masu biki suna ƙyamar wurin, wai 'ya'yan ruwa ake tarawa. Bayan kwana biyu aka cika shi da kujerun haya. Ba wanda ya taɓa leƙowa ya ga abin da ake yi a ciki.

Na uku. Musa bai san an rufe ba, Asabar kawai ya sani. A Asabar ta huɗu da rufewa, uwarsa na bakin murhu, ya sulale ya nufi ɗakin. Mai shayi ya gan shi tsaye yana wa ƙofa sallama. Sai ruwa ya sauko. Washegari aka tsamo shi a babbar kwata.

Ranka ya daɗe, ban ce ku kuka kashe shi ba, ajali na Allah ne. Amma har yau Safiya kan zauna a tsakar gida ta gara ƙwallo wajen bango ta ce, "Musa, kai ne," ta jira. Da ita zan tashi, da ita zan wuni a kasuwa, muryar nan. Yara biyu cikin biyar ɗin da suka rage yanzu kulle su ake yi a ɗaka don tsoro.

Roƙona: ku kwashe kujerun, ku ba Anti Hawa makulli, awa biyu kacal a mako. Kai ma ka zo ka zauna da su sau ɗaya kafin ka sake yanke hukunci.

Asabar mai zuwa za mu kawo yaran bakin ƙofar, mu shimfiɗa tabarma a waje. Adiza ta ce ita ma za ta zo, ko da yake ba ta da wanda za ta riƙo wa hannu.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka zuri'a, kada ya jarrabe ka da irin wannan.

Wassalam.
Rakiya, uwar Safiya.