Karfasar da Ta Ƙi Buɗe Baki

Tudun Wada, Zariya
9 ga Afrilu, 1929

Salmanu, 'yarka Larai ta daina cin abinci, yau kwana uku.

Ka gafarce ni, na sa labari gaba da gaisuwa. Ina gaishe ka da kyau, kai da matarka Sakinatu, da fatan kuna lafiya, aikin shimfiɗa hanyar jirgi a wajen Gusau yana tafiya daidai. Wannan hannuna ne. Malam Ezekiyel na ajin yamma ya ce na isa in rubuta da kaina, in ka ga baƙi ya karkace ka yi haƙuri.

Ka san ƙyanda ta kwantar da Larai wata guda. Da ta fara samun sauƙi ba ta iya fita wasa, sai na tsinto gutsattsarin gilashin taga a wurin aiki, na haɗa mata akwati, na liƙe da kwalta, na zuba yashi da ruwan rijiya. Gwadabe masunci ya kawo mini kifi da rai daga kogin Galma: karfasa uku, gargaza biyu, da wasu jajaye ƙanana biyu masu ɗigo-ɗigo. Ya ce kada in haɗa jajayen da sauran. Na ce masa duk sura ɗaya ce, dangi ɗaya ne, ni ba na raba 'yan'uwa.

Salmanu, jajayen nan mugaye ne. Sun kama wani lungu sun ce nasu ne, cikin mako guda suka kashe gargaza duka biyu. Akwai karfasa ɗaya da Larai ta fi so, ta sa mata suna Goggo, wai don ta cika zumɓura baki. Yanzu Goggo ta maƙale a kusurwa, maƙogwaronta ya kumbura, ba ta taɓa dusa, ba ta taɓa gara. Ina zaton sun cije ta a baki. Larai ta ce ita ma ba za ta ci ba sai Goggo ta ci. Mun ɗauka rigimar yara ce. Yarinyar da ciwo ya riga ya rame, ba ta da naman da za ta yi wannan rigima da shi.

Ka sa ta a addu'a. Uwarka Hajo tana gaishe ku.

Ni ne mahaifinka,
Labaran Kafinta

Tudun Wada, Zariya
12 ga Afrilu, 1929

Zuwa ga ɗana Salmanu. Gaisuwa da tambayar lafiyarku. Mu nan ba sauƙi.

Ruwa take sha, da rubutun da Liman ya yi mata, sai kunu cokali biyu in uwarka ta yi kuka. Malamin asibiti ya duba ta ya ce ba zazzaɓi, abinci kawai take bukata, kamar ba mu sani ba. Mun gwada ɗura, ta amayar. Na yi mata wasan da muka saba, na ce in amaryata ba ta ci tuwo ba zan sake ta in auri mai ƙiba. Da can sai ta jefe ni da takalmi. Jiya ko kallona ba ta yi ba.

Zan faɗa maka abin kunya. Shekaranjiya na ce mata Goggo ta ci da asuba tana barci. Ta ja jiki zuwa gaban akwatin, ta nuna mini dusar tana yawo a saman ruwa yadda na zuba ta. Tun da furfura ta fito mini ba a taɓa kama ni da ƙarya ba sai a hannun 'yar shekara shida.

Kunya ce ta hana ni zuwa wurin Gwadabe tun farko. Yau na taka har Galma na same shi. Ya ce ashe kafinta ya gaji da sarautar ruwa. Ya biyo ni gida, ya tsuguna ya dubi Goggo, ya ce ba ciwo ba ne, goyo take yi. Wai karfasa a baki take riƙe ƙwanta har su ƙyanƙyashe, ba ta ci ba ta buɗe baki, kuma muddin tana ganin abokin gaba kusa ba za ta sake su ba. Ka ga ni ne na tsare ta da jajayen nan. Muka kwashe su muka sa a kasko, sauran karfasa biyu a tsohuwar randa, muka bar ta ita kaɗai.

Na gaya wa Larai abin da Gwadabe ya ce. Ta ce ai na taɓa cewa Goggo ta ci. Har magariba kifin bai motsa daga kusurwa ba, yarinyar kuma ba ta iya zama sai an jingina ta. Ka nemi izini wurin shugaban aikinku ka taho. Ba na so in ce maka fiye da haka.

Mahaifinka,
Labaran

Tudun Wada, Zariya
14 ga Afrilu, 1929

Salmanu, ta ci. Koko rabin ƙwarya da ƙosai biyu, da rana kuma ta nemi tuwo da bakinta.

Alhamdu lillahi. Ina gaishe ku, ina fata wannan ta riski waccan a hanya kafin hankalinku ya gama tashi.

Da hantsi yau uwarka ta ɗauko ta a kafaɗa ta zaunar da ita gaban akwatin. Ina gyara ƙafar kujera sai na ji Larai ta kira ni, muryar da na kwana biyu ban ji ba. Goggo ta buɗe baki, 'ya'ya suna fitowa kamar an watsa ƙwayar gero a ruwa. Na matso da sauri, inuwata ta faɗa kansu, sai duk suka ruga suka koma cikin bakin. Uwarka ta ɗora hannu a ka tana salati, wai ta haɗiye su. Da muka yi shiru ta sake furzo su, ba wanda ya ɓata. Larai ta yi dariya har da tari. Na jefa gara, Goggo ta cafke. Larai ta dubi kakarta ta ce ina kokon.

Na gwada ƙirga su da lissafin ajin yamma, na kai sittin da wani abu sau uku, sun ƙi tsayawa. Amaryata ta ce kada in ƙara matsowa, inuwata tana ba su tsoro, in tsaya daga bakin ƙofa. Nan nake tsaye, a gidana.

Ƙafafunta har yanzu kamar sillen kara, sai a hankali. Amma in an ba ka izinin kada ka mayar. Ka taho da Sakinatu, da abokan aikinka duk wanda ya samu wuri a jirgi. Na aika wa Malam Ezekiyel da 'yan ajinmu da mutanen unguwar Kwangila. Gwadabe ya ce kwana kaɗan ne za ta daina mayar da su baki, don haka ku hanzarta ku zo ku gani da idonku. Sai dai kowa ya shigo a hankali, ya zauna inda Larai ta nuna masa.

Ni ne mahaifinka mai farin ciki,
Labaran Kafinta