Sunana a Kan Shirin da Ba Nawa Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin da masu shirya fina-finai suka kafa don yaƙi da satar fasaha a shiyyar Daura.

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da sauran 'yan kwamiti. Allah ya taya ku riƙon wannan amana.

Akwai wata fahimta da ta zauna wa mutane da yawa a garin nan, kuma har makon jiya ina cikinsu. Mun ɗauka idan mutum ya sayi data da kuɗinsa, duk abin da ya sauke a wayarsa ya zama nasa, ya kalla, ya tura wa wanda ya ga dama. Wasu kuma cewa suke yi, tun da masu shirin da kansu suka ɗora shi a intanet don kowa ya gani, ina laifin wanda ya kwafo? Ban taɓa zama na auna waɗannan maganganu ba sai ranar Talata, lokacin da shugabar makarantarmu ta kira ni ofis ta miƙo mini takardarku, wadda ta umarce ni da in bayyana gabanku ranar Litinin mai zuwa.

Sunana Saudatu. Ina koyar da Hausa a aji uku na babbar sakandare a wata makarantar 'yan mata a nan Daura. Na zaɓi in rubuta wannan wasiƙa a fili ne saboda abin da ake tuhumata da shi ya riga ya bazu a fili, kuma na san akwai malamai irina da ke yin abin da na yi, ba su san me ke jiransu ba.

Na farko, yadda abin ya faro.

A zangon karatun da ya wuce mun shiga darasin wasan kwaikwayo. Na yi ta bayani a kan jigo da warwararsa da yadda ake gina tauraro, yara suna kallona kawai. Amma da an fita tara sai ka ji su suna gardama a kan shirin nan mai dogon zango da takardarku ta ambata, na wata ungozoma a asibitin ƙauye. Sun san halin kowa a ciki, sun san wanda ya yi ƙarya a kashi na biyu, sun san dalilinsa. Sai na ga ai darasina ne suke yi ba su sani ba. Na yi murna ƙwarai, na ce da wannan shirin zan koyar.

Kallo kai tsaye bai yiwu a aji ba. Sabis yana yankewa, talla tana shigowa a tsakiyar magana, darasi kuma minti arba'in ne. Sai na rubuta sunan shirin a wayata, na shiga shafin da ya fara fitowa, na sauke kashi goma sha ɗaya. Ban tambayi kaina ko shafin na waye ba. Darasin ya yi kyau yadda ban taɓa gani ba. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ta tashi ta yi bayanin jigo da bakinta.

Na biyu, inda na yi kuskuren da ya kawo ni nan.

Da hutu ya zo, na so su ci gaba da nazari a gida. Da yawansu ƙauyuka suke tafiya, inda sai an hau tudu ake samun sabis, kuma wayar iyayensu mata suke ara. Na sayi ƙananan mimori guda ashirin da uku na zuba musu. Wurin ajiyar bai isa ba, sai na yanke tallace-tallacen duka, na yanke jerin sunayen ma'aikata da ke fitowa a ƙarshen kowane kashi. A farkon kowane kashi kuma na saka shafi ɗaya mai tambayoyi uku, a ƙasa na rubuta: Malama Saudatu ce ta shirya wa ɗalibanta.

Ranka ya daɗe, duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san wannan ɗabi'a. Malami yana rubuta sunansa a kan rajista, a kan gwangwanin alli, a kan takardar gwaji, har a kan kujerar da yake zama. Tambayoyin nake nufi da na ce ni na shirya. Amma yau da na sake kallon shafin da idon baƙo, na ga abin da ku kuka gani: an cire sunan masu aiki, an ɗora sunan wata mace a Daura.

Na uku, yadda ya fita daga hannuna.

Kamar yadda na gano daga baya, mahaifiyar wata ɗalibata a yankin Baure ce ta kai mimorin wurin mai turi ranar kasuwa don a ƙara mata karatun Alƙur'ani. Kun fi ni sanin al'adar masu turi: duk mimorin da ya shigo hannunsu sai sun leƙa, abin da ba su da shi su kwafe. Matar ba ta ma san an yi ba. Daga wannan rumfa ya wuce wata.

Ni ban sani ba sai da maƙwabciyata ta dawo daga biki a Mashi, ta shigo gidana ko mayafi ba ta cire ba, tana cewa, “Malama, ashe har fim kike yi shi ne ba ki faɗa mana ba? To mun gano ki!” Ta nuna mini wayarta, ga sunana. Ta ce a can “na Malama” ake ce masa, kuma an fi nemansa saboda ba talla, ba ya cin wuri, har 'yan Nijar masu zuwa cin kasuwa suna karɓa. Ba zan ɓoye maka ba, a ranar dariya muka yi. Sai da takardarku ta zo na gane abin da nake wa dariya.

Na huɗu, abin da na sani yanzu.

Mijin ƙanwata lauya ne, na kai masa takardar. Ya ce data kuɗin hanya ce kawai, kamfanin waya na biya, mai shirin bai ga komai ba. Ya ce ɗora shiri a intanet don a kalla bai zama izinin a kwafa a raba ba. Ya ce doka ta bar wa koyarwa ɗan sarari, amma da iyaka, kuma abin da na yi na yanke aikin wani, na sa sunana, na raba kwafi suka fita daga aji, yana da wuya ya shiga cikin wannan sarari. Na je wurin limamin unguwarmu ina fatan jin sassauci. Shi kuma ya ce mini kyakkyawar niyya ba ta kankare haƙƙin ɗan'adam, sai mai haƙƙin ya yafe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tallar da na yanke. Ni a wurina ɓata lokaci ce. Ashe daga nan ake sallamar mai ɗaukar hoto, da mai riƙe fitila, da matar da ke dafa wa 'yan wasa abinci. Sunayen da na goge kuwa, wataƙila akwai wanda wannan ne karo na farko da sunansa ya fito a allo, yana jira mahaifiyarsa ta gani. Ni da nake ba yarinya sifiri idan ta kwafi insha'in ƙawarta ta sa sunanta, ga abin da na yi. Na amsa wannan laifi, ba na neman hanyar zamewa.

Na biyar, kokena a kanku.

Takardarku ta kira ni shugabar masu rarraba shirin a wannan yanki. Wannan ba gaskiya ba ne. Ban san mai turin nan ba, ban taɓa ganinsa ba, ban sayar wa kowa komai ba. Da an tambaye ni kafin a rubuta, da na yi bayani cikin minti biyar.

Wakilanku kuma lokacin darasi suka zo. Sun tsaya a bakin ƙofar makaranta suna tambayar maigadi da ƙarfi ina malamar da ke satar fim, 'yan aji ɗaya suna shara a wurin suna ji. Kafin a tashi, maganar ta zagaye makaranta. Mace mai koyar da 'ya'yan mutane ba ta da jarin da ya wuce sunanta.

Sannan na ga hotunan masu turin da kuka kama kwanakin baya suna yawo a waya, an zaunar da su a ƙasa, an baje kayansu a gabansu. Tun ranar Talata wannan hoton nake gani da fuskata a ciki. Idan babur ya tsaya a ƙofar gidanmu sai in leƙa in ga ko ni aka zo nema. Mahaifiyata tsohuwa ce, tana zaune tare da ni, ba ta san mene ne intanet ba. Abin da ta fahimta kawai shi ne hukuma na neman 'yarta, kuma tun ranar ba ta cin abincin kirki.

Shugabar makarantarmu ta faɗa mini gaskiya, cikin tausayi. Idan maganar ta kai kotu, dole ta rubuta wa ma'aikata, kuma abin da aka saba shi ne a janye malami daga aji har a gama shari'a. Jarrabawar fita ta kusa. Ni kaɗai ce malamar Hausa a babban sashe. Wannan shi ne tsorona na gaske, ranka ya daɗe: a fitar da ni daga ajin nan a daidai lokacin da yaran suka fi bukatata, kuma ko an wanke ni daga baya, iyaye su riƙa nuna ni suna cewa ga wadda aka kai kotu.

Akwai kuma tambayar da nake so ku yi wa kanku. Shekaruna goma sha huɗu ina koyarwa, ban taɓa ganin wani daga cikinku ya shigo makaranta ya yi wa malamai ko ɗalibai bayanin haƙƙin mallaka ba. Da na so neman izini tun farko, wa zan rubuta wa? Ba adireshi a shirin, ba lambar ofis. Karo na farko da na ji daga gare ku, da tuhuma ne.

Ga abin da na yi daga ranar Talata zuwa yau. Na karɓo mimori ashirin daga cikin ashirin da uku, suna cikin ambulan, zan kawo muku. Sauran ukun ina bibiya. Na goge abin da ke wayata. Na tsaya gaban ajina na ce musu malamarsu ta yi kuskure, na yi musu bayaninsa dalla-dalla. Wata daga baya ta ɗaga hannu ta ce, “Malama, to wanda muka riga muka kalla fa, shi ma za mu mayar?” Ajin ya yi dariya, ni ban iya ba. Abin da ya bazu a Mashi da Baure ba ni da ikon dawo da shi.

Don haka ina roƙon waɗannan abubuwa.

A saurare ni ranar Litinin a matsayin malamar da ta yi kuskure, a cire kalmar shugabar masu rarrabawa daga takardunku. A warware maganar a gabanku ba tare da an je kotu ba, kuma don Allah kada a ɗauki hotona.

Takardarku ta ce in kawo sunan wanda ya fitar da mimorin. Ina roƙon a janye wannan. Yarinyar aikin gida aka ba ta, mahaifiyarta kuma karatu ta je nema. Ni na saka abin a hannunsu, ni zan amsa.

A haɗa ni da masu shirin in nemi gafararsu da bakina, su faɗi abin da zai gamsar da su, in yi iyakar ƙoƙarina.

A samar wa makarantu hanya mai sauƙi ta neman izini, ko da lambar waya ɗaya ce. Kuma ku turo mutum guda ya zo ajina. Zan ba shi darasina sukutum, ya faɗa wa yaran nan yadda ake wahala kafin kashi ɗaya ya fito. Za su saurare shi fiye da yadda suke saurarona, domin aikinku suke ƙauna, kuma cikinsu akwai masu burin rubuta irinsa.

Daga ƙarshe, kafin ranar Litinin, ina roƙonka ka gwada abu ɗaya a gidanka. Ka miƙa wa uwargida ko wata ƙanwarka waya, ka ce ta nemo maka kashi na bakwai na shirin nan, kada ka nuna mata komai. Ka zauna ka ga shafin da za ta fara shiga, ka ga ko akwai abin da zai gaya mata cewa wannan na masu shi ne, wancan na ɓarayi ne. Idan ta faɗa inda na faɗa, ka tuna da ita lokacin da na shigo gabanka. Idan kuma ta gane da kanta, zan karɓi hukuncinku ban ce uffan ba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sa tausayi a zukatan 'yan kwamitinka, ya albarkaci sana'arku, ya mayar wa masu shirin abin da suka rasa ta dalilina. Allah ya tsare mutuncinka da na iyalinka. Zan zo ranar Litinin da ƙarfe goma, in Allah ya yarda.

Wassalam.

Malama Saudatu,
Malamar Hausa,
Daura, Jihar Katsina.