Takardar da ke Cikin Hulata

Litinin, 20 ga Nuwamba

Lusungu ta rubuta jarrabawarta ta ƙarshe yau. Jikata ta gama sakandare. Jikata ta gama sakandare. Na rubuta sau biyu don in gani da idona.

Ta fito da tawada a yatsa, ta leƙo ɗakin gadi ta kira ni kaka da yarenmu, ta ce, "Agogo, rufe bakinka, kada haƙoran da suka rage su sha iska." Na kasa rufewa. Har direban motar itace sai da na gaya wa, shi da bai san ta ba.

Shekara biyar ke nan ina kan ƙofar makarantar nan. Saboda ita na karɓi aikin bayan rasuwar uwarta, don in riƙa ganinta ko daga nesa ne. Saboda aikin kuma na shiga ajin yamma ina da shekara hamsin da takwas, don mai gadi a nan dole ya iya cika littafin ƙofa: suna, lokacin fita, lokacin dawowa.

Yanzu sai gida.

Laraba, 22 ga Nuwamba

Ƙanena Elifala ya yi waya. Ruwan farko ya sauka a ƙauye, dama a nan da Nuwamba damina take farawa. Mai gari ya kira shi ya ce gonata ta yi damina biyar a kwance, mutane suna magana, matasa ba su da wurin noma. In fartanyata ba ta taɓa ƙasar ba kafin tsakiyar Disamba, zai ba wani. Ban ga laifinsa ba. Amma kabarin matata NyaGondwe yana gefen gonar, ƙarƙashin mangwaron da ta dasa.

Na rubuta wa shugabar makaranta, Madam Chirwa, takardar ajiye aiki. Layi huɗu. Sau uku na sake kafin ta fito babu gogewa. Malaminmu na ajin yamma yakan ce wanda ya iya rubutu ba ya in-ina gaban manya, takarda ce za ta yi masa magana. Na ninke ta na cusa a cikin hulata. Gobe.

Juma'a, 24 ga Nuwamba

Jiya ban je ba. Yau na je.

Ina cire hula Madam Chirwa ta miƙe. "Agogo Zimba, kamar ka san ina nemanka. Zo ka gani." Ta ja ni bayan ɗakin ajiya. Kwanon rufi sabo, guda shida. Iyayen yara ne suka haɗa, wai ɗakin gadi yana yoyo a kaina tun bara. "Baɗi ko ɗigo ba zai taɓa ka ba," in ji ta.

Na ce na gode. Na sake cewa na gode. Na mayar da hulata na dawo.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Kafinta ya buga rufin. Ya yi kyau, abin haushi.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Addu'ar godiya ta ƙarshen shekara. Kowane aji ya tashi ya faɗi abin da ya gode wa Allah a kai. 'Yan aji ɗaya sun gode da famfon da aka gyara, da cewa wake ya daina zuwa da tsakuwa, da Agogo na ƙofa wanda yake barinsu su zauna a bencinsa in kewar gida ta kama su. Wata 'yar ƙarama mai gibi ta ce in sun dawo Janairu za ta kawo mini gyaɗar kakarta.

Na ji daɗi, ba zan yi wa littafina ƙarya ba. Amma kowace godiya sai in ji kamar an ƙara wa ƙofar nan kwaɗo.

Su suna da hutu sau uku a shekara. Ni lokacin hutu ne aikina ya fi nauyi, daga ni sai ɗakunan kwana babu kowa, da awakin maƙwabta. A shekara biyar sau biyu na je gida. Ɗaya jana'iza ce.

Talata, 28 ga Nuwamba

NyaMtonga mai dafa abinci ta kawo mini tuwon masara da ganyen kabewa, ta tsaya a kaina.

"Tsoho, me ke cikin hular nan? Kwana nawa kana dafe ta kamar mai ɗauke da ƙwai."

Na ce sanƙona ne ke jin sanyi.

"Sanƙon da ya ga zafin Oktoba bai yi ƙorafi ba? In wasiƙar neman aure ce ka ba ni tun ina da sauran ƙarfi."

Na ce ko ita kaɗai ta rage a lardin nan. Ta yi dariya, ta tafi da cokalina.

Laraba, 29 ga Nuwamba

Ranar godiya ga ma'aikata. Al'adar makarantar nan ce: 'yan ajin ƙarshe su karɓi aikinmu na yini ɗaya, mu kuma a zaunar da mu a inuwa a yi mana hidima. Mai karɓar aikin mutum kuma da kayan aikinsa take karɓa. Shekara huɗu ina ganin wannan, amma yau kaina bai kawo ba sai da Lusungu ta tsaya gabana ta miƙo hannu.

"Makulli, littafi, hula."

Na ce hular ta yi mata girma. Ta cire ta daga kaina da hannunta, yara suna tafi.

Aka zaunar da ni kusa da NyaMtonga, aka ba mu shinkafa da kaza. Ban san ɗanɗanonta ba. Idona yana ƙofa. Sai ga Madam da rigar ruwa shuɗiya, an ɗinke sunana a ƙirji, YOTAMU ZIMBA, da jan zare. Ta ce wai ni ne ginshiƙin makaranta, Allah ya bar mu tare shekaru masu yawa. Duk suka ce amin. Ni ma na ce amin. Me zan ce?

Da yamma Lusungu ta dawo mini da kaya. Ta ce ta duba tsofaffin littattafan ƙofa duka biyar.

"Agogo, rubutunka na shekarar farko kamar kaji sun yi faɗa a kai."

"Ke kuma lokacin kina kuka da majina a bencin nan."

"Na ga sunan kowa. Har mai kwasar shara. Ban ga naka ba."

Na ce mai gadi ba ya rubuta kansa. Ta miƙo mini hulata ta tafi.

Takardar tana nan cikin hula. Amma ni ninki huɗu na yi mata. Yanzu uku ne.

Alhamis, 30 ga Nuwamba

Ruwa tun safe. Rufin bai yi yoyo ba.

Elifala ya ce an ga ɗan ƙanwar mai gari yana taka iyakar gonata yana ƙirga taku. Na ce masa ina hanya. Ƙarya a bakin mai furfura.

Na je har bakin ofis, na ji Madam tana gaya wa wata baƙuwa cewa ita ba ta da damuwa da ƙofa, tana da Agogo. Na juyo. Yaya mutum zai shiga da rigarsu a jikinsa ya ce musu ya tafi?

Wataƙila baɗi. Wataƙila in an roƙi mai gari ya bar mini ko gindin mangwaron.

Juma'a, 1 ga Disamba

Dole in rubuta abin da ya faru yau.

Ranar fita. 'Yan ajin ƙarshe sukan fita ɗaya bayan ɗaya, in rubuta suna da lokacin fita, in ja layi a gurbin dawowa, Madam ta gaisa da kowace a bakin ƙofa. Su sittin da biyu ne bana. Lusungu ta tsaya a tsakiyar layi, akwatinta a ka. Na rubuta sunanta da mafi kyawun rubutuna. Goma da kwata. Na ja layin.

Ba ta motsa ba. Ta sauke akwatin ta zauna a kai.

Na ce, "Wuce mana, kin tare wa mutane hanya."

"Akwai layi ɗaya a ƙasan nawa, Agogo. Babu kowa a ciki."

Na ce ta tashi kada ta kunyata ni.

"Tare muka shigo," in ji ta. "Ni ba ni da sauri. Motar ce mai sauri."

'Yan baya suka fara leƙe. Madam ta matso tana tambaya ko lafiya. Ni dai ban san lokacin da hulata ta zo hannuna ba. Na miƙa takardar da hannu biyu, kaina a ƙasa.

Ta karanta. Ta daɗe, ga layi huɗu kawai.

"Ashirin da biyu ga wata ka rubuta. Kwana tara ka bar ni ina ta zuba, Agogo?"

Na ce rufin ne. Da rigar.

"Rufin na ɗakin gadi ne, wanda zai zo ma ruwa yana jiƙa shi. Rigar kuma taka ce, wa zai sa sunan wani? Godiya muka yi maka, ba ɗaure ka muka yi ba." Ta goge ido da gefen zanenta. "Kawo makullin. Kafinta zai riƙe zuwa Janairu."

Na rubuta. Yotamu Zimba. Goma da minti ashirin. Da na zo gurbin dawowa sai alƙalamin ya tsaya. Lusungu ta ɗora hannunta kan nawa, muka ja layin tare. Bai miƙe ba.

NyaMtonga kuwa ashe tun jiya ta ɗaure mini kayana a buhu, ita da yarinyar. Munafukai. Har da cokalina.

Laraba, 6 ga Disamba

Mun iso gida, ciyawa a gona har ƙugu. Bayana kamar ba nawa ba. Na je gindin mangwaron na gaya wa NyaGondwe yarinyar ta gama.

Talata, 12 ga Disamba

Mun shuka rabi. Mai gari ya zo ya gani, ya ce madalla. Lusungu tana yarfa iri kamar mai ba kaji tsaba, amma na ƙyale ta, 'yar boko ce.

Ina cikin farin ciki. Babu ƙararrawa, babu mai buga ƙofa. Mutum ya je inda ya ga dama.

Na rubuta wa wanda zai karɓi ƙofar 'yar takarda, don aiki kawai. Cewa ɓangaren hagu sai an ɗan ɗaga shi kafin ya rufu. Cewa kada a shigar da bencin ciki, 'yan aji ɗaya suna zama a kai. Cewa akwai wata mai gibi da za ta zo da gyaɗa, kada a ce mata na tafi kawai, a ce mata na gode.

Lusungu ta ce za ta aika ta waya. Na ce a'a, rubutun hannu ba a aika shi haka. Janairu, in an gama noman farko, ina da wata 'yar buƙata a gari dama.